Hannun Hagun Rigar Sulo

Sulo Harju bai taɓa sayen rigar kansa ba sai da ya haura saba'in. Ba rowa ba ce, ba kuma babu ba. Uwarsa ce ta tufatar da shi har ya shiga soja, soja suka tufatar da shi har ya fito, daga nan matarsa Aili ta karɓe shi, ita kuwa ba ta sake shi ba sai ranar da aka kai ta maƙabartar bayan cocin ƙauyensu Nisula. Duk abin da ya tarar a rataye shi yake zurawa. Ka tambaye shi launin rigar da ke jikinsa, sai ya sunkuya ya duba.

Ya yi ƙuruciyarsa a ramin haƙar jan ƙarfe, yana riƙe da injin huda dutse har ramin ya rufe. Injin nan ne ya tafi da kunnensa na hagu kacokan, ya bar masa rabin na dama. Daga nan ya koma tuƙin motar share ƙanƙara ta ƙaramar hukuma har ya yi ritaya. Amma a Nisula ba da ɗaya daga cikin waɗannan aka san shi ba. Da baka aka san shi, baka na itace irin na da, babu taya babu saiti. Lokacin da samari suka fara yayin baka mai taya, Sulo ya juya ɗaya a hannunsa, ya mayar wa mai shi, ya ce ai shi ya daina hawan keke tun yana yaro.

Kuma ba ya fita sai sanyi ya kai sanyi. Masu bindiga sun gama hayaniyarsu sun koma gida, ƙanƙara ta kai gwiwa, barewa sun gangaro fadamar itatuwan sida da ke bayan gonarsa neman mafaka. Sai ya je ya zauna a ƙasa, ya jingina da kututture, ya yi tsit kamar an dasa shi, har barewa ta zo inda zai iya ƙirga gashin idonta. Kowace shekara guda ɗaya yake harbi, da kibiya ɗaya. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, wajen shan kofi, in aka yaba masa ba ya ƙanƙan da kai. Sai ya ɗaga damtsensa ya ce abin a hannu yake. Aili tana gefe tana yanka burodin nisu, ba ta ko ɗagowa.

'Yarsu ɗaya, Marja, nas ce a can birnin Green Bay. Tun ba a gama kwashe kujerun makoki ba ta fara. Gidan yana ƙarshen hanya, maƙwabci mafi kusa sai ka yi tafiya, shi kuma kurma ne mai hawan rufi ya kwaso ƙanƙara da shebur. Ta ce ta gaji da ganin tsofaffin da ake kawo musu asibiti bayan sun kwana a ƙasa ba wanda ya sani. Ga ɗaki a gidanta, ga jikoki.

Da ta dame shi sai ya ce, "To ki saurara da kyau. Shekarar da na kasa saka barewa a firiza da bakana, ki zo da kwalayenki ki kwashe ni."

"Baba, ka faɗa fa."

"Na faɗa. Arvid, kai ne shaida."

Arvid Ollila, maƙwabcin nasa, bakinsa cike da kek, ya gyaɗa kai. Baki dai shi ke yanka wuya.

Rigar farauta tana da dokarta a gidan Harju, kamar a gidan kowane maharbi mai hankali. Ba ta shiga kicin. Hancin barewa ba ya yafe ƙamshin kofi ko soyayyen nama, saboda haka da kaka ta yi sai a rataye ta a rumbun itace cikin rassan sida, a can ake saka ta, a can ake cire ta. Wannan Sulo ya sani sarai. Abin da bai taɓa tambaya ba shi ne inda rigar take zuwa in bazara ta yi. Aili ta rasu a ƙarshen sanyi, rigar kuwa ta ci gaba da rataya a rumbu har kaka ta zagayo. Da ya sauko da ita sai ya tarar ɓeraye sun haihu a aljihu, asu kuma ya mayar da bayanta rariya. Ya tsaya riƙe da ita, haushi ya kama shi, ya rasa wanda zai ji haushi. Ya kai ta bayan sauna, ɗakin wankan tururi, ya ƙona.

Da Arvid suka tafi garin Baraga, kantin Lempi, wadda ta yi aji ɗaya da Aili. Arvid ya ce ya zo rakiya ne, amma kowa ya san gulma ce ta kawo shi.

"Lempi, ga ango na kawo miki, a yi masa kayan aure."

"Rufe mana baki, tsohon banza. Sulo, sannu da zuwa. Ya haƙuri?"

"Sai godiya. Rigar daji nake so."

Ta fara fito masa da sabon yayi, masu zanen ganye, marasa nauyi, waɗanda ruwa ba ya ratsawa. Sulo ya saka ɗaya, ya goga hannun rigar a haƙarƙarinsa, ya dubi Arvid.

"Ya ka ji?"

"Kai ba ka ji ba? Kamar akuya a cikin karan masara."

"Ni da na ji da ban ɗauko ka ba."

Haka suka yi ta yi, Sulo yana gogawa, Arvid yana yi masa aikin kunne. Wata aljihunta na mannawa ne, da aka ɓalle shi har matar da ke duba safa a ƙarshen kanti sai da ta waigo. Wata ta ulu ce tsaf a waje, amma an yi mata shafi da leda a ciki, tana shuu duk motsin da ya yi. Sulo ya ture su gefe. Leda, in ji shi, tana da kyau ga mai tafiya, amma shi zama zai yi, kuma in mutum ya yi gumi wajen ratsa ƙanƙara ya zo ya zauna, leda sai ta riƙe gumin ta daskarar da shi a bayansa. Ulu kuwa ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, kuma ba shi da baki.

Lempi ta shiga ciki ta ɗauko masu nauyin. Nan ya nutsu. Ya ɗaga ƙyallen a saitin taga ya ga ko haske yana ratsa saƙar. Ya manna bakinsa ya hura, tafin hannunsa a ɗaya gefen, don abin da numfashi ya ratsa iskar babban tafkin yankin ma za ta ratsa. Ya murza ya ji ko an gauraya shi da roba. Ya ƙi mai zif, ya ce zif yana daskarewa, maɓalli kuwa ko da safar hannu ana ɓalle shi. Ya ƙi baƙa wuluk, don mutum a cikinta kan farar ƙanƙara ko makauniyar barewa ta gan shi. A ƙarshe hannunsa ya faɗa kan mai gida-gida, kore da toka-toka, mai ninki biyu a kafaɗa, mai tsawon da zai zauna a kanta. Ya juya wuyan ya ga tambarin, ya gane shi.

"Wannan ce. Irin tawa ce sak."

"Ita ce," in ji Lempi. "Uku Aili ta saya a hannuna, duk irinta."

Ya ce a ba shi wadda ta ɗara girmansa, don yanzu sanyi yana shigarsa fiye da da, yana son wurin ƙara suwaita biyu a ciki. Lempi tana naɗewa ta ce, "In haɗa maka da zaren?"

"Zaren me? Sabuwar riga?"

"Oho. Ita dai kullum tana haɗawa da zare kalarta. Na ɗauka ko na maɓalli ne."

"Maɓallan nan sai sun binne ni," in ji Sulo.

"Ai ba su da dogon jira," in ji Arvid.

Yana isa gida ya wuce da ita rumbu, ya sare sabbin rassan sida ya lulluɓe ta, don warin kanti ya fita. Duk yamma yana fitowa bayan gida da suwaita yana harbin damin ciyawa, kibau suna taruwa wuri ɗaya kamar an jera su da hannu. Hankalinsa a kwance.

Rigar kuwa ba ta ba shi kunya ba. Ranar da ya fara fita, sanyin irin wanda gashin hanci ke daskarewa ne, ya zauna tun safe har rana ta karkata bai ji komai ba. Wata barewa ta fito ta gefen dama, ta tsaya tana cin ganyen sida, ta ba shi haƙarƙari. Ya ja a hankali, tsirkiya ta taɓa gefen bakinsa, ya saki. Kibiyar ta yi wani lilo a iska ta nutse cikin ƙanƙara can gaban ƙafarta. Barewar ta ɗaga farar jelarta ta shige.

Ya ce tsautsayi ne, ko wani siririn reshe ne bai gani ba. Bai gaya wa kowa ba.

Na biyun ne ya karya shi. Namiji ne, ya zo kusa fiye da ta farko, kusan da ko yaro ba zai kuskure ba. Kibiyar ta sake karkacewa ta shafce shi a ƙafar gaba. Sulo ya bi ɗigon jini cikin fadama wuni guda, yana faɗuwa yana tashi, har jinin ya ƙafe, sawun ya gauraya da na sauran. Wataƙila ya rayu. Amma Sulo tun da yake bai taɓa barin dabba ta tafi da ciwonsa ba, kuma kunyar abin ta fi gajiyar yi masa nauyi.

Da ya dawo ya cire rigar a rumbu kamar kullum, ya rataye, ya zagaya bayan gida da suwaita, ya harbi damin ciyawa. Tsakiya. Ya ƙara. Tsakiya. Sai ya zauna a kan itacen faskare, don a ganinsa ya gano amsar. Ciyawa ba ta numfashi. Hannunsa lafiya lau yake a gaban ciyawa, amma in rai ya tsaya a gabansa wani abu yana ɓaci a jikinsa wanda shi kansa ba ya ji. Ya ga tsufa ya yi wa wasu haka, har ya yi musu dariya. Ya kwance tsirkiya daga bakan, ya shiga ya ɗauki waya.

"Marja, in za ki zo Kirsimeti ki taho da kwalayen."

"Baba, lafiya? Ai da sauran kwanaki kafin a rufe farauta."

"Na ce ki taho da su."

Ta zo washegarin Kirsimeti ita kaɗai, bayan motarta cike da kwalaye. Ba ta yi masa murna a fuska ba, amma ya ga kafaɗunta sun sauka. Yana zaune a teburin kicin, bakan a kwance gabansa, ya ba ta labarin barewa biyun a taƙaice, kamar mai ba da rahoton hatsarin mota. Ta ce ba komai, kowa da lokacinsa. Ta fita rumbu ɗebo itace.

Ta daɗe fiye da yadda ɗebo itace yake ɗauka. Da ta dawo ta zuba itacen a akwati, ba ta dube shi ba, ta buɗe kabad ta fara naɗe kofuna da jarida. Ta naɗe na baƙi, ta naɗe na kullum. Ya yi mata magana ta amsa da "uhm". Tana cikin naɗe tulun madara sai ta dire shi a kan tebur da ƙarfi, ta ja tsaki, ta fice. Sai ga ta da rigar a kafaɗa.

"Marja! Rigar daji a kicin? Kin haukace ne?"

"Tashi ka saka."

"Ga kofi a kan wuta!"

"Baba, don Allah tashi ka saka kafin in canza shawara. Ɗaura tsirkiyar kuma."

Muryar uwarta ce ta fito daga bakinta, saboda haka ya tashi. Ya saka, ya ɗaura, ya juya wajen ƙofa ya ja bakan babu kibiya. Ta ce ya tsaya haka, ya dubi hannunsa. Ya duba. Daga hammata zuwa gwiwar hannun hagu ulu ya yi tumbi ya leƙo ciki, daidai hanyar tsirkiya. Murfin aljihun ƙirji ma ya ɗago, maɓallinsa a tsaye yana jira. Fatar da yake ɗaurawa a hannu don kare dukan tsirkiya ta kama daga wuyan hannu zuwa gwiwa ne kawai.

"Nan take duka," in ji Marja, ta kama tumbin da yatsu. "Ka saki, ta bugi nan, ta bugi maɓalli, kibiya ta tafi yawonta. Kauri ya hana ka ji a jiki, kunnen kuma ka bar shi a rami. Wa ya rage maka hannun?"

"Rage shi kamar yaya? Haka ake ɗinka su. Irin tawa ce sak."

Ta dube shi kamar ta yi dariya kamar ta yi kuka.

"Ba haka ake ɗinka su ba, Baba. Haka Mama take mayar da su. Duk rigar da ta saya sai ta farke hannun hagu tun daga hammata ta tsuke shi, ta cire murfin aljihun nan, ta ɗinke bakinsa. Kana wajen aiki take yi. Ni take sakawa rigar, in tsaya a kan kujera in miƙe hannu da tsintsiya, ina kuka allura tana sukata."

Ya sassauta bakan a hankali.

"Ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ta ce kada a faɗa. Wai maharbi in ya fara tunanin rigarsa ya daina tunanin barewa. Kuma ta ce kana jin daɗin labarinka na ranar Lahadi, a bar ka da shi."

Ɗan hakin da ka raina ke nan. Sulo ya tsaya a tsakar kicin cikin rigar da ta yi masa yawa, kunya ta rufe shi, kewar Aili kuma ta taso masa fiye da ranar jana'iza. Ya juya wajen murhu. Ya ce kofin zai ƙone.

Keken ɗinkin yana nan a ƙarƙashin taga da mayafinsa. Marja ta jawo shi, ta laluba akwatin zare ta sami ragowar kore. Ta sa shi ya ja bakan sau da yawa tana kafa allurai, tana yi masa tsawa in ya motsa. Ta bar masa faɗi a kafaɗa da baya don ya iya ja, ta tsuke cikin hannun har ya kwanta a fata, ta farke murfin aljihun ta jefa a murhu. Keken ya yi ta gurnani a kan kaurin ulun, allura ɗaya ta karye. Ɗinkin bai kai na uwarta kyau ba, ita ma ta faɗa.

Suka fita bayan gida, shi da rigar a jiki, abin da ya kamata ya yi tun ranar da ya saye ta. Ya harba. Tsirkiya ta wuce fes, kibiya ta tafi a miƙe ta shige tsakiyar damin. Bai yi murmushi ba. Ya juya ya dubi 'yarsa, tana tsaye ta rungume hannuwa cikin sanyi.

"Tun da kika fita ɗebo itace kika gani?"

"Tun lokacin."

"Da kin yi shiru, da gobe ina cikin motarki."

"Ai na yi shirun. Har kofuna na naɗe." Ta share hanci da bayan hannu. "Na kasa ne kawai. Ba zan kai ka gidana kana zaune kana zaton hannunka ne ya mutu ba. Amma alkawari yana nan, ka ji? Babu barewa, ina dawowa."

"Yana nan."

Ta warware kofunan ta mayar kabad, ta loda kwalayenta babu komai a ciki, ta kama hanya da safe. Rigar ta koma cikin sida ta yi kwana biyu don warin kofi ya fita, kwana biyun da Sulo ya ji kamar ana zare masa su daga jiki. Ana gab da rufe farauta, da yamma, wata 'yar barewa ta fito a gefen fadama. Ba babba ba ce. Kibiya ɗaya, ba ta yi nisa ba ta faɗi. Jan ta zuwa gida ne ya gagare shi, dole ya je ya kira Arvid, wanda ya zo da igiya da baƙar magana, yana tambaya ko zomo ne wannan aka taso shi daga gaban murhu dominsa.

Sai da suka rataye ta ya wanke hannu ya kira Green Bay. Ya ce an samu.

"To, Baba. Barka," in ji Marja. Muryar ba ta barka ba ce, kuma ya san dalili. Ita ta ɗinka wa kanta wata shekarar fargaba da hannunta. "Abu ɗaya nake roƙo. In na kira ka ɗauka. Jiya sau nawa ina kira tana ta ringi, har na ɗauko makullin mota."

"Ban ji ba ne."

"Na san ba ka ji ba. Shi ne ai."

Da ya ajiye wayar ya tsaya yana kallon kujerarsa, wadda take gefen murhu tun kafin a haifi Marja. Sai ya kama ta ya ja ta har bangon da wayar take, kusa da ƙofa inda iska ke shigowa, ya juya ta yadda kunnensa na dama zai fuskanci wayar. Wurin da sanyi. Ya ɗauko bargo ya rufe gwiwoyinsa ya zauna.